Tokar Da Aka Zuba A Gonar Maccido

Akwai wani manomi mai suna Maccido, a wani ƙauye da ke tsakanin Wurno da Achida. Abin ya faru ne a ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa, lokacin da takin zamani bai daɗe da shigowa ƙasar ba. Mutane na ce masa takin Bature, wasu ma ko taɓa shi ba sa yarda su yi.

Gona ɗaya gare shi a duniya, wadda mahaifinsa Sale ya sare da hannunsa tun wurin yana daji. A zamanin tsohon, gonar nan tana cika rumbu har a miƙa wa maƙwabta. Amma an yi ta nomanta shekara da shekaru babu hutu, babu taki, ruwan sama na wanke ta, har ta gaji.

Sai ka ga gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya yi rawaya, ya tsaya nan. In ka tuge shi, saiwar guntuwa ce, ta dunƙule wuri ɗaya. Mutanen gari suka sa wa gonar suna Matacciya, kuma a gaban mai ita suke faɗa.

Maccido bai taɓa barinta ba. Kowace damina sai ya shuka, kowace kaka sai ya ɗauko ɗan abin da bai kai su sanyi ba, shi da matarsa Turai da yaransu. Sauran shekarar sai ƙwadago a gonakin mutane.

To, gonar da ke jikin tasa ta wani attajiri ce mai suna Ma'azu, sa'an mahaifinsa. Ma'azu ne mai babbar marinar garin, inda ake rina tufafi da baba. Yana kuma da mutane masu haƙo dutsen farar ƙasa, su ƙona, a kai bariki a shafe gine-ginen Turawa. Allah ya ba shi, amma irin mutanen nan ne da in sun ga abu a hannun wani, nasu ba ya ƙara yi musu daɗi.

Ma'azu ya ƙyalla ido a kan Matacciya. Shi ba noma zai yi a cikinta ba. Tana bakin hanya, kusa da rijiya, so yake ya haƙa sababbin ramukan rini.

A al'adar wurin, ƙasa tana hannun Maigari. Gonar da ta daina ciyar da kowa, yana iya karɓa ya ba wanda zai amfana da ita. Ma'azu ya yi ta zarya a fada har Maigari ya sa aka kira Maccido.

Maigari ba azzalumi ba ne, amma shi ma ya gaji da maganar. Ya ce, "Maccido, gonag ga ta ƙi. Na ba ka daminag ga mai zuwa. In kaka ta yi ba mu ga abin da ka ci da gida ba, Ma'azu zan ba, kai ko in nemo maka wuri can dajin Goronyo ka sare."

Maccido ya duƙa ya ce, "Ranka shi daɗe, na ji." Ya fito ya nufi gida. Gonar nan ita kaɗai ce abin da ya rage masa na ubansa, kuma ya san in ya bar ta, ya bar garin ke nan.

Da wani ne, da ya jira kaka, tunda ko makaho ya san abin da Matacciya za ta bayar. Amma Ma'azu ba shi da wannan haƙurin. So yake ya tabbatar ko tsinke bai fito ba.

A bayan marinarsa akwai wani tulin shara da ya yi shekaru yana taruwa: tokar itace, da ɓarɓashin farar ƙasa, da tsohon katsi, wato laka ta gindin ramin rini da ake ƙonawa ta koma fara. Kowa ya san inda tulin nan yake ko ciyawa ba ta fita.

Wata safiya cikin rani, Maccido ya je sharar gona ya tarar da jakuna a jere, kowanne da mangala cike. Barorin Ma'azu na juye farar shara a tsakiyar gonarsa, shi kuma Ma'azu na tsaye a gefe da babbar riga yana nuna musu wuri da sanda.

Maccido ya gaishe shi tukuna, don ba a yi masa tarbiyyar tsallake gaisuwa ba. Sannan ya ce, "Baba Ma'azu, lahiya? Mi niy yi maka?"

Ma'azu ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Kai ɗan Sale, juji ni ka nema, na kuwa samu. Mi ar raba matacciyag gona da juji? In kana da magana, ka san hanyar fada."

Suka yi ta kai da kawowa har rana ta take. Da suka tafi, gonar ta cika da tsibi-tsibin fari.

Da labari ya kai gida, Turai ta ajiye taɓarya. Mace ce mai zafi, ba ta iya haɗiye magana. Ta ce, "Malam, wanga wulaƙanci ya kai inda yak kai. Ga gonatai nan jikin taka. Kwashe ka mai da mai abinai, shi ma shi ji in da daɗi."

Gaskiya zuciyar Maccido ta so hakan, don shi ma ɗan Adam ne. Amma ya ce, "Turai, abin da nik ƙi a zuba mani, ba ni zuba ma wani. Gonatai ba ta yi mani laihi ba. Ɗiya ƙanana ka cin abin da ac cikinta."

Ta ce, "To ka kai ƙara."

Ya ce, "In kai ƙarar wa, wurin wa? Bari dai in ga abin da ni ka iyawa."

Abin da zai iya kuwa ba shi da yawa. Ba shi da jaki, balle ya kwashe sharar ya kai daji. In ya bar ta a tsibi, babu wurin shuka. Sai ya yanke shawarar ya baza ta siriri a ko'ina, ko ya samu inda zai saka iri, kada a ce ya bar gona ba shuka a karɓe tun kafin kaka.

Jama'a, aikin nan ba na wasa ba ne. Da kwando da fartanya yake yi, shi kaɗai, cikin zafin bazara. Farar ƙasa ta ci masa tafin hannu, ƙafafunsa suka tsattsage, in ya dawo gida sai ka ce daga cikin buhun gari ya fito. Turai ta shafa masa man shanu tana faɗa, gobe ya koma.

Da ya gama, gonar ta yi fari fat tun daga bakin hanya har iyaka. Masu wucewa kasuwar Achida suka samu abin dariya. Wani ya ce ai Maccido ya kyauta, ya yi wa Matacciya likkafani, saura salla. Maganar ta zaga gari har mata na maimaita ta a bakin rijiya.

Wannan dariyar ce ta tayar da Turai. Tana da wani rami a bayan ɗaki inda take zuba sharar gida, kashin awaki, ƙaiƙayi, ragowar harawa, tana watsa ruwan wanke-wanke a kai. Abin ya daɗe ya ruɓe, ya yi baƙi. Ta ce ko ba komai sai ta rufe farin nan, a daina yi wa mijinta dariya.

Ta kwashe nata kaf, ta bi gidajen maƙwabta tana roƙon jujinsu. Su kuwa murna suke yi an share musu bayan gida. Da kai ta yi ta jida, safe da yamma, har farin ya soma dusashewa.

Ana cikin haka wani makiyayi mai suna Mode ya biyo da shanunsa daga wajen Rabah, yana neman inda zai yada zango kafin ruwa ya sauka. Ya fara tsayawa a gefen gonar Ma'azu, aka kore shi da zagi. Ya matso gaba ya tarar da Maccido.

Mode ya ce, "Maigida, ko ka bari mu ɗan huta nan? Shanun sun gaji, akwai masu ƙananan maruƙa."

Maccido ya yi murmushi ya ce, "Zamna, Mode. Babu abin da za su ɓata. Wanda za a ɓata an riga an ɓata."

Shanun suka zauna a gonar har hadari ya fara haɗowa. Kowane 'yan kwanaki Mode sai ya matsar da turakunsu gaba, kamar yadda makiyaya ke yi. Suka zubar da kashi da fitsari, suka tattake toka da juji da ƙasa, komai ya cakuɗe. Ranar da zai tashi, Turai ta dama masa fura, ya yi musu addu'a ya wuce.

Ruwan farko ya sauka, ya jiƙa gonar sosai. Maccido bai yi gaggawa ba, ya bi da galma ya juya ƙasar. Da aka ƙara wani ruwan, ya ɗauki sungumi, Turai na biye da shi da ƙwaryar iri. Ba don yana sa rai ya shuka ba. Ya shuka ne don kada ya tsaya gaban Maigari a ce bai gwada ba.

Gero ya tsiro, kamar kullum. Ya kai gwiwa, kamar kullum. Maccido ya soma jiran rawayar nan da ya saba gani, yana duba ganyen duk safiyar da ya je gona.

Rawaya ba ta zo ba.

Ganyen ya yi kore shar, mai duhu, mai faɗi. Kowane gindi ya yi 'ya'ya ya cika. Ran nan Maccido ya tuge guda ɗaya don ya gani, sai da ya sa ƙarfi. Saiwar ta fito doguwa, fara, ta riƙo ƙasa danƙam. Ya zauna a kan kunya da geron a hannunsa, sai hawaye.

Ya je ya kira Turai. Ta tsaya a bakin gonar ta kama baki don mamaki. Ta ce, "Malam, wagga gonammu ta? Ko ɓatan hanya munka yi?"

Wuraren da tsibin suka daɗe a jibge ne kawai suka zauna fili, ba su fid da komai ba. Sauran gonar kuwa, kafin a gama maimai gero ya shanye mutum. Masu zuwa kasuwa suka koma tsayawa a bakin hanya suna kallo. Tsofaffin da suka san Sale suka zo da sandunansu, wani ya shafa ganyen yana cewa, "Subhanallahi. Mai rayar da ƙasa bayan mutuwarta." Babu wanda ya ƙara kiranta da tsohon sunan.

Labarin ya kai kunnen malamin gona na En'e, wato hukumar gargajiya, Malam Abdulƙadiri, wanda ke zagaya ƙauyuka a kan keke. Ya zo ya zagaya gonar, ya sa Maccido ya ba shi labari tun daga ranar jakuna. Sannan ya ɗebi ƙasa daga wani lungu da tokar ba ta kai ba, ya ɗebi ta tsakiyar gona, ya ɗiga wa kowacce wani ruwa daga 'yar kwalba. Ta lungun ta yi ja-ja, ta tsakiya ta yi kore.

Ya ce, "Malam Maccido, gonarka ba mutuwa ta yi ba. Tsami ta yi. Ƙasar da aka daɗe ana noma, ruwa na wanke ta, takan yi tsami, saiwa ta kasa cin abinci ko da akwai shi. Maganin tsamin kuwa farar ƙasa ne da toka. Su aka zubo maka."

Abin bai gama shiga kan Maccido ba. Turai ce ta tafa hannu daga bayansa ta ce, "Awa kanwa cikin miyar sure ke nan, Malam!"

Malamin ya yi dariya ya ce, "Haka yake, Inna. Kuma kin san in kanwa ta yi yawa, miya ta ɓaci. Da ya bar ta a tsibi, da ta ƙone wurin. Bazawar da ya yi ce ta cece shi. Farar ƙasa kuma ita kaɗai ba abinci ba ce. Jujinki da shanun nan su suka ciyar da geron."

Kafin ya tafi ya ba Maccido ɗan takin Bature a ƙunshi. Ya ce ya sa kaɗan-kaɗan a gefen layukan da suka yi baya, nesa da gindi, lokacin da ƙasa ke da danshi, ya rufe. Ya gargaɗe shi kada ya ga ya yi kyau ya dogara da shi shi kaɗai, don in babu taki na gida, shi kansa yana iya dawo da tsamin.

A daren nan... a'a, tun kafin la'asar ma, magana ta isa marina. Amma kun san yadda labari ke tafiya a ƙauye, rabi ke isa. Abin da Ma'azu ya ji shi ne: sharar marinarsa ce ta tayar da gonar ɗan Sale.

Ya ji kamar an yi masa sata. Wani daga cikin barorinsa ya ce ko a tambayi Maccido yadda ya yi. Ma'azu ya daka masa tsawa ya ce, "Ni in tambayi ɗan Sale? Tokata ta. In kaɗan ta yi mai haka, ni sai in zuba da yawa."

Ya sa aka kwashe duk abin da ya rage a bayan marina, aka jibga a gindin geronsa da ya riga ya yi ciki. Ita kuwa gonarsa da ma ba ta da tsami, don awakinsa da jakunansa sun daɗe suna ba ta taki. Ruwa ya sauka a kan farar ƙasar. Ba a daɗe ba ganye ya soma ƙonewa daga baki, kara ya yanƙwane. Gonar da ba ta taɓa ba shi kunya ba ta tsaya a bushe tsakiyar damina, kuma iyaka ɗaya ce tsakaninta da ta Maccido, kowa na ganin biyun a lokaci ɗaya.

Kaka ta yi. Maigari ya cika alkawarinsa, ya zo da kansa tare da dattawa. Ma'azu ma yana cikinsu, don shi ya kai maganar, ba shi da hanyar ƙin zuwa.

Suka tarar da dammuna a jere tun daga bakin hanya, zangarniya dogaye, ƙwaya a cike har baki. Maigari ya ɗauki guda ya murza a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Ya ce tun yana yaro rabonsa da ganin irin wannan a tudun nan.

Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida. Gonag ga ta Maccido ta, ta ɗiyanai ta bayanai. Kada in ƙara jin maganatta ga bakin kowa."

Dattawa suka ce sun shaida. Ma'azu ya juya zai sulale.

Maccido ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi mani izini." Ya shiga cikin dammunan ya zaɓo manya, ya yi ta ɗaukowa a ka yana ajiyewa a gaban Ma'azu, har suka yi tsibi. Ya duƙa ya ce, "Baba, ga naka."

Ma'azu ya dube shi, ya dubi mutane, yana zaton ba'a ce. Da ya ga fuskar Maccido babu alamar wasa, sai ya matso kusa da shi. Ya ce, "Ɗan Sale, ka san don in kashe ta niz zuba?"

"Na sani, Baba."

"To don mi?"

Maccido ya ce, "Kai ka yi niyyakka, Allah ya yi nashi ikon. Amma jakunanka sunka ɗauko maganin, ni ko ban da jaki. Kuma bana gidanka akwai bakuna da yawa."

Dattijon nan da bai taɓa sunkuyar da kai ga kowa ba a garin, ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza.

Da ya samu kansa, sai ya share fuskarsa. Ya naɗe babbar rigarsa, ya je bakin hanya ya tattaro duwatsu, ya bi iyakar gonakin biyu yana kafa su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Barorinsa suka taso za su karɓa, ya hana. Da ya kai ƙarshe ya miƙe, gumi na zuba, ya ce wa Maigari, "A shaida wannan ma. Duk ɗana ko jikana da yat tsallake duwatsun ga, ban yahe mai ba."

Darasi: Ba duk abin da aka jefe ka da shi ne zai kashe ka ba, wani a cikinsa Allah ya ɓoye maganinka, sai dai mai haƙuri ne kaɗai ke daɗewa har ya gani. Da Maccido ya rama, da da hannunsa ya kwashe arzikinsa ya zuba a gonar wani. Girman kai kuwa ya hana Ma'azu tambaya guda ɗaya, ya ƙone abincin shekara. Ku kuma manomanmu, kada ku yi saurin cewa gona ta mutu. A duba ƙasar tukuna, in tsami ne a sa farar ƙasa daidai gwargwado, a ciyar da ita da takin gida, sannan takin zamani ya biyo baya. Ku tura wa wani manomi, ko wani da ake zalunta yana shirin ramawa, wataƙila yau ne yake bukatar jin wannan.